Gidan Haya a Cikin Akwati

A shagon rajistar jarrabawa a Yakasai nake kallonta, wata baiwar Allah mai tabarau ɗaure da zare. Tana durƙushe gaban baƙin akwati, tana yi masa fifita da maficin kaba. Yau ake rufe rajista, jikata na cikin layi, aiki kuma ya tsaya.

"Baba, kwamfutoci goma ne zaune a cikinsa," in ji ta. "Ɗaya ta cinye rabon sauran."

Na leƙa, wayoyi kawai na gani. Ina jin a gidan yawa ta tashi, don ba ta faɗa, lallashi take. Can ta danna wani abu, ta kori mai haɗamar. Layi ya motsa, sunan jikata ya shiga.

Ni dai ina ta tunanin inda korarriyar za ta kwana.