Guntuwar Motar Dabo

A Kukar Sambo, wani ƙauye da ke arewa da Ɗambatta, inda gonaki suka matse juna har ba abin da ya raba ta wani da ta wani sai layin gamba, akwai wani mutum ana ce masa Dabo Mai Shanu. Ba garke gare shi ba. Bijimai biyu ne na huɗa, da garma da amalanke, amma a garin da rabon gado ya yanyanka gonaki, mai shanun huɗa ba ƙaramin mutum ba ne. Da damina ya yi huɗar gonarsa, ya yi wa mutane tasu. Da rani ya yi jigilar taki da ƙasar gini. Bai yi arziki ba, amma rumbunsa bai taɓa ƙarewa kafin sabon gero ba. Dogo ne, ba ya son yawan magana, kuma in aka roƙe shi abu sai ya sunkuyar da kai kamar shi ne mai roƙon.

Shi da matarsa Hure sun binne yara biyu kafin wata malamar asibiti ta gaya musu sunan abin da yake kwashe musu 'ya'ya, wato sikila. Safiyatu, babbar 'yarsu da ta rayu, ita ma da shi aka haife ta. Ta kai munzalin 'yan mata amma jikinta na yarinya ne. In ciwon ya tashi, sai ta ce kamar ana daka mata ƙasusuwa a turmi, kuma ba abin da ke kwantar da shi sai allura da ƙarin ruwa a asibitin Ɗambatta. Tsakanin ƙauyen da kwalta kuwa burji ne mai ramuka. Amalanke ba ta da sauri, babur kuma azaba ne. Wata rana Dabo ya riƙe ta a tsakaninsa da ɗan acaɓa, duk ramin da aka faɗa sai ta yi ƙara, har ta gaji ta daina. Da suka isa asibiti ya sauke ta a sume. A bakin ƙofar nan ya fara tunanin mota.

Da kaka ta yi, ya kai maganar wurin Alhaji Madu, wanda kakanninsa suka taso daga Borno suka zauna a garin. Shi ne ke sayen hatsin mutane yana kaiwa kasuwar Dawanau, kuma ya taɓa riƙe mota ya rabu da ita. Ya saurari Dabo har ya gama, sannan ya ce, "Dabo, sa yana cin kara ya ba ka taki. In ya tsufa ka sayar, ka sayi maraƙi biyu. Mota ba ta cin abin da gonarka ke fitarwa. Kullum ta kwana sai ta rage daraja, kuma ranar da ta kwanta ba ka da maganinta a daji."

"Haka ne, Alhaji. Amma ranar kasuwa zan ɗauki fasinja. Ta ci da kanta."

"Da fasinja, da 'yan sanda a hanya, da bakanike. Sannan ga abin da ba ka hango ba: a garin nan ba wata mota. In ka kawo ta, ba taka ba ce kai kaɗai."

Dabo ya ce, "Alhaji, ba ka ji kukan yarinyar nan a kan babur ba."

Hure kuwa ta ce shanun ne tuwon gidan, ta faɗa sau ɗaya, ta dubi ɗakin da Safiyatu take kwance, ta bar maganar.

Ranar kasuwa Dabo ya kora bijiman zuwa Ɗambatta ya sayar. Bai tsaya ya ga an ɗora su a mota ba. Ya haɗa da amalanken da buhunan waken da ya yi niyyar ajiyewa, ya ɗauki Basiru, wani bakanike da ke da rumfa a bakin tasha, suka shiga Kano wurin wani dillali mai suna Sama'ilu. Motocin da kuɗinsa zai kai kaɗan ne. A cikinsu akwai wata guntuwa ta hannu, ja ce da ta koɗe, wadda ba ta da but a ware, bayanta duka ƙofa ce da ake ɗagawa sama. Sama'ilu ya rantse wata hajiya ce ta riƙe ta, makaranta kawai take kai yara. Basiru ya tayar da ita, ya sa kunne, ya shafo bakin salansa ya dubi yatsansa.

"Injin nan an taɓa sauke shi, Malam Dabo," in ji shi a hankali. "Tana shan baƙin mai. Za ta yi tafiya, amma ba zan ce maka shekara nawa ba. Ba ta da tsayi kuma, burjinku zai ci cikinta."

Dabo yana jin sa, amma idonsa yana baya, inda Sama'ilu ya kwantar da kujerun ya nuna masa fili. Ya gwada da hannu, ya ga ƙaramar katifa za ta shiga, mutum ya miƙe sosai. Ya ce ya saya.

Basiru ne ya koya masa tuƙi a filin makarantar firamare, mutanen gari suna kallo. Watannin farko abin ya yi kyau. Sau biyu ciwon Safiyatu ya tashi, sau biyu aka kai ta a kwance, kanta a cinyar uwarta, tana iya magana har suka isa. Ranar kasuwa yakan cika motar da mutane da kaji da ƙullin kaya, ya dawo da cefane. Mata masu naƙuda, tsofaffi masu hawan jini, har gawar da aka sallamo daga asibiti, duk Dabo ake aika wa. Mai hali ya zuba mai, marar hali ya ce Allah ya saka da alheri, Dabo ya ce amin. Sunan Mai Shanu ya ɓace, aka koma ce masa Dabo Direba.

Sai shekarun nan masu wuya suka shigo. Da farko takardun kuɗi suka ɓace daga hannun mutane, fasinja suka koma tafiya a ƙasa. Kafin a farfaɗo, aka janye tallafin mai daidai faɗuwar damina. Abin da yake cika tanki da, ya koma bai kai rabi ba, daga baya ko kwata. Zuwa kasuwa ya daina fitar da kuɗin mansa. Ga gona tana jiran huɗa, ga Dabo ba shanu. Mutumin da ake bin layinsa ya koma bin layin wani, sai da aka gama wa kowa aka zo kansa, shuka ta makara. Taki kuwa babu, don turken da yake ba shi taki ya zama wurin ajiye mota. Geron da ya samu a shekarar bai cika rabin rumbu ba.

Motar ma ta fara nuna halinta. Dutse ya fasa mata ƙasa, lagireto ya tsiyaye, batir ya mutu sai an tura. Duk abin da Basiru ya ce a sayo, farashinsa ya ninka kafin a je Kano a dawo. Hure ta sayar da awakinta ɗaya bayan ɗaya. Amma aike bai daina zuwa ba, don ciwo ya ƙaru a gari kamar yadda yunwa ta ƙaru, kuma yanzu ba mai iya zuba mai. Dabo ya ci gaba da sunkuyar da kai yana ɗaukar makulli, har ranar da mai ya ƙare masa a hanya da wata tsohuwa a baya, ya bar ta ƙarƙashin bishiya ya taka ya nemo 'yan bumburutu masu sayar da mai a bakin hanya.

Bayan wannan ne Hure ta sayar da akuyarta ta ƙarshe. Ta ba shi kuɗin ta ce ya sayo mai galan ɗaya. Da ya kawo, ta karɓa ta kai bayan rumbu ta rufe da kara.

"Wannan na Safiyatu ne, Malam," ta ce. "Ban taɓa hana ka alheri ba. Amma in ciwonta ya tashi muka tarar ba mai, ba zan yafe maka ba."

Ya ce ya ji.

Bazarar shekarar ta yi zafi ƙwarai, abinci ya yi ƙaranci har magidanta suka koma hawa bishiya neman abin kaiwa gida. Maƙwabcin Dabo, Mati, wanda suka tashi tare tun suna kiwon awaki, yana da ɗa saurayi mai suna Usaini, bai daɗe da aure ba. Wata rana da hantsi Usaini ya hau ɗorawa, reshe ya karye da shi. Aka ɗauko shi a kan ƙyauren ƙofa, idonsa biyu, yana magana, amma ba ya jin ƙafafunsa. Ba mai iya zaunar da shi a babur. Mati ya shigo zauren Dabo ba takalmi.

"Dabo, yaron nan ne. Bayansa ne. Ka taimaka mini da motar."

Dabo ya miƙe. Sai ya ji tarin Safiyatu daga cikin gida. Tun jiya idonta ya yi rawaya, ta ce gwiwoyinta sun fara, kuma ya san abin da ke biyo bayan haka. Galan ɗin zai kai Ɗambatta ya dawo sau ɗaya. Ba akuya, ba hatsin sayarwa, Alhaji Madu kuma yana Dawanau. Ya tsaya da makulli a aljihu, yana kallon ƙafafun Mati.

"Ba mai a cikinta, Mati," ya ce. "Ko ɗigo."

Gaskiya ya faɗa, tankin a bushe yake. Mati ya dube shi, ya ce, "To, Allah ya sa haka ne mafi alheri," ya juya. Aka nemo amalanken wani aka shimfiɗa Usaini, aka kama hanyar burji cikin rana. Dabo ya bi su a ƙasa har kwalta, yana riƙe da zani a saman kan yaron don inuwa. Sun daɗe a bakin titi kafin wata motar itace ta tsaya.

Kwana biyu bayan haka ciwon Safiyatu ya tashi, mafi tsanani da ta taɓa yi. Da rana tsaka Dabo ya fito da galan ɗin daga bayan rumbu ya juye a tanki. Ba hanyar fita daga ƙauyen sai ta ƙofar gidan Mati, inda mutane suke zaune suna jiran labarin Usaini. Suka ɗaga kai suka bi motar da ido. Wasu suka ɗaga hannu, suka ce Allah ya ba ta lafiya. A asibiti aka ce jininta ya yi ƙasa sosai, da an makara da sai wani labarin. Aka ƙara mata jini, ta tashi.

Usaini kuwa an dawo da shi gida bayan an tura su Kano an ce sai aikin da ba su da halinsa. Wasu suka ce tun faɗowar lakarsa ta tsinke, ko jirgi aka kawo ba abin da zai canza. Wasu suka ce girgizar amalanke ce ta ƙarasa shi. Ba wanda ya sani. Ya kwanta damina guda a kan tabarma, bayansa ya yi gyambo, ya rasu kafin a yanke gero. Dabo yana cikin waɗanda suka haƙa kabarin.

Ba wanda ya taɓa yi masa maganar galan ɗin, ko Mati. Suna gaisawa a masallaci, suna tsayawa sahu ɗaya. Abin da ya canza shi ne aike ya daina zuwa. Mai naƙuda a ɗora ta a amalanke, marar lafiya a riƙe shi a babur, su wuce ta gaban motar tana ajiye a turke. Da a ce zaginsa aka yi, da ya fi masa sauƙi. Ya rame, ya daina zama a dandali, ya koma yin sallah a sahun baya ya fita da an sallame.

Cikin wannan daminar injin ya buga a hanyar dawowa daga karɓo wa Safiyatu magani. Basiru ya buɗe ya girgiza kai, ya ce sai dai wani injin. Jaki biyu suka jawo ta gida. Ta yi wata da watanni a kan duwatsu, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta, har masu sayen tsohon ƙarfe suka zo suka kwance ta gunduwa-gunduwa. Abin da suka ba shi bai kai kuɗin maraƙi ba. Ya sayi hatsi da shi, ya rage na magani.

Alhaji Madu ya same shi a gona da damina ta sake zagayowa, yana noma da fartanya kamar yadda ya fara tun yana yaro. Suka zauna a kunya. Madu ya tambaye shi ko yana nadamar sayen motar.

Dabo ya daɗe yana kaɗe ƙasa daga bakin fartanyar. Ya ce, "Yarinyar tana raye, Alhaji. Jiya ita ta yi mana tuwo. In na ce ina nadama na yi wa Allah butulci. In na ce ba na yi, to kullum ta ƙofar Mati nake wucewa."

Da aka gama girbi ya bi samarin garin zuwa cin rani kudu, yana da furfura a gemu, yana dakon siminti a wurin gini. Hure ce ke riƙe da gidan. Matar Usaini ta haifi ɗa namiji bayan rasuwar mijinta, kuma duk lokacin da Dabo ya aiko da saƙo, akan ga Hure ta ɗebi wani abu a kwarya ta rufe da faifai ta shiga gidan Mati da shi. Ana karɓa, a ce an gode.