Mai Jitar Rege a Tashar Uppsala

"Wancan ba mai jitar rege ba ne?" in ji wata mata a bayana.

Ƙawarta ta ce, "Rage murya, uwar gulma. Tun da makaɗin gangarsu ya nutse a tafki bai sake wasa ba."

Mai jitar yana zaune a bencin tashar Uppsala ta ƙasar Sweden, daura da inda nake tsaye, dusar ƙanƙara na narkewa kan dogon kitsonsa mai furfura. Yana ƙwanƙwasa akwatin jitar sannu-sannu, irin kiɗan Jamaika, yana dakatawa daidai inda ganga ke faɗowa. Da gani haka suka saba shi da makaɗin gangar tun suna samari.

Duk inda ya dakata, katakon bencin sai ya amsa: dum. Ba kowa a gefensa.

Ya juyo gare ni.

"Ɗan'uwa, in kai ma kana ji, don Allah faɗa min."