Allurar da Ta Kwana Uku a Kan Taga

A unguwar Akobo da ke Ibadan, in ka ce kana neman Misis Ibilola Fagbemi sai a yi ta kallonka. Amma ka ce Maman Karnuka, ko ɗan acaɓa zai kai ka ƙofar gidan. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana aikin jinya, da ta yi ritaya ta koma kiwon Bowabul, ƙattan karnukan nan masu kai kamar turmi. Mace ce mai tsauri, kuma tana alfahari da hakan. Kwikwiyo ba ya barin gidanta sai ya sha allurar rigakafi sau biyu, an kuma sa masa cif, wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa da ake cusawa a ƙarƙashin fatar wuya, wadda in likita ya haska ta sai a gano sunan mai karen. Cif ɗin likita ke sawa. Allura kuwa da hannunta take yi. Ta sayo, ta adana a firjin gida, in ta yi sai ta ɓare takardar jikin kwalbar ta manna a katin kwikwiyon, ta sa hannu.

Likitan dabbobi ya sha ce mata ta daina, takan ce, "Ni da na yi wa jariran mutane allura tun ba a haife ka ba, kai za ka koya min?"

To, girman kai rawanin tsiya. Wata Lahadi da rana suna cin amala da miyar ewedu ita da mijinta, Baban Tope, tsohon malamin makaranta mai sanyin hali, sai hira ta faɗa kan bikin tunawa da mahaifiyarsa da suka yi wata ɗaya da rabi baya.

"Firjin nan ya yi ƙoƙari," in ji shi. "Rabin saniya ya haɗiye. Sai da ma na fitar da 'yan kwalabenki kafin ƙofar ta rufu."

Ta ajiye lomar da ke hannunta. "Ka fitar ka kai ina?"

"Kan tagar kicin. Ai na mayar ran Litinin."

"Daga yaushe?"

"Juma'a. Haba Maman Tope, kwalba ce a toshe, me zai shiga?"

Ta waiwaya ta dubi kicin. Tagar nan rana ke dukanta tun hantsi har la'asar, ga kuma wutar girkin biki. Maganin rigakafi in ya sha zafi ya zama ruwa kawai, ba ya canza launi, ba ya wari. Da waɗannan kwalaben ta yi wa kwikwiyo biyar allura, ta farko da ta biyu, kuma duk ta sayar da su. Ga damina, lokacin da fabo ke yawo, cutar amai da gudawar jini da ke kashe kwikwiyo cikin 'yan kwanaki. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba ko a ɗakin haihuwa.

Ta wanke hannu ta ɗauki waya. Mutum huɗu ta samu kafin yamma, kowanne ta gaya masa gaskiya: kada kare ya taka waje, a kai shi asibiti gobe a sake allura daga farko. Wata 'yar kasuwa a Bodija ta wanke ta tas da zagi. Maman Karnuka, wadda ba a gaya mata ɗaya ba ta mayar da uku ba, ta tsaya tana cewa, "Kin yi gaskiya, 'yar'uwa, ki dai kai shi."

Na biyar ne ya gagara. Wani Mista Gbolahan ne ya sayi kwikwiyon don mahaifinsa da ke zaune shi kaɗai a Ogbomosho, sannan ya koma Kanada inda yake aiki. Lambarsa a kashe. Ranar da ya zo yana sauri, bai cike takardar mayar da cif zuwa sunan tsohon ba, ya ce zai aiko, ita kuma ta bari. Ba ta da sunan tsohon, ba ta da unguwarsa. Ta tambayi matan cocinsu masu dangi a can, ta tambayi direbobin tashar mota ta Ojoo. Wa zai nemo mata tsoho guda mai kare a gari kamar Ogbomosho? Kwana huɗu abinci bai wuce maƙoshinta ba. Baban Tope ya koma tafiya a sanɗa cikin gidansa.

Ran Juma'a da safe waya ta yi ƙara. Wata Dakta Oyelude ce daga asibitin dabbobi a Ogbomosho.

"Mama, an kawo min kwikwiyo, na haska cif sunanki ya fito. Katinsa ya nuna allura biyu, amma abin da nake gani fabo ne. Ki taimaka min, me aka yi masa?"

"Ki ɗauka ba a yi masa komai ba. Ki sa masa ƙarin ruwa, ga ni nan."

A mota ta riƙa lissafi irin na tsohuwar ma'aikaciyar jinya, kuma lissafin bai yi mata daɗi ba. Likitar ta ce kwana uku ke nan karen yana amai kafin a kai shi.

Ta tarar da kwikwiyon a kan tebur, idanu sun faɗa, haƙarƙari a fili. A gefe wani tsoho ne zaune riƙe da katin a hannu biyu. Baba Oyewole, tsohon direban jirgin ƙasa. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi.

"Tashi, 'yata. Ke ce mai kiwon? Ke kin yi naki, ga shi a rubuce." Ya ɗaga katin. "Shi ya sa ma na bar karena Jagun yana yawo a layi, shi ya sa ban yi saurin kawo shi ba. Maƙwabcina Adisa ne ya ba shi guba. Ya sha cewa kukan kare na hana shi sakat. Shekara arba'in muna cin goro tare, jiya na tsine masa a gaban jama'a."

Likita ta dube ta. Da Maman Karnuka ta yi shiru, da shi ke nan, tsohon ya riga ya samu mai laifinsa. Ta nemi a ba ta ƙafar kwikwiyon saboda jijiyar da ake sa ƙarin ruwa ta ɓace wa likita, ta same ta a karo na farko, ta riƙe. Awa biyu tana riƙe da ita. Gab da la'asar numfashin ya tsaya.

Ta sake durƙusawa, wannan karon ba ta tashi ba.

"Baba, babu guba. Allurar da na yi masa ta lalace kafin in yi, ni kuma na sa hannu a katin nan. Da bai zo da kati ba da kun tsare shi a gida. Ni na kashe shi."

Tsohon ya daɗe yana kallon katin. Ta ce za ta kawo masa wani kwikwiyon, ya girgiza kai. Ya dogara sandarsa ya miƙe da ƙyar.

"Ba na son wani kare. Ki tashi mu je gidan Adisa ki maimaita abin da kika faɗa. Ni ban da bakin da zan fara da shi."