Kaskon Wuta a Ɗakin Siminti

Duk jaririn da aka haifa a Sheme a wancan zamani, hannun Inna Safara'u ya fara sani. Ungozoma ce, ga faɗa kamar me, amma ba a taɓa jin sanyi ya kama jinjiri a hannunta ba. Kaskon wuta kuwa, da ido kawai take gane garwashin da ya isa ɗaki.

Shekarar da kuɗin mai suka shigo aka zuba kwalta, mijinta Malam Gide ya rasu. Bai bar mata wani abu mai numfashi a gidan ba sai kyanwarsa, wadda yakan rage wa fura. Ɗansu Lawwali, da ya sami aiki a Kaduna, ya zo ya rushe mata ɗakin ciyawa, ya gina na siminti, da silin, da tagar gilashi, da ƙyauren ƙarfe. Gari ya yi ta zuwa kallo.

Cikin marka kyanwar ta haifi 'ya'ya uku. Ko ido ba su buɗe ba, babbar mota ta take uwar. Inna ta shimfiɗa musu auduga cikin ƙwarya, ta lulluɓe su da guntun rawanin Malam, tana ɗiga musu madarar akuya da tsumma. Maƙwabciyarta Adama ta yi dariya.

"Inna, jegon kyanwa kuma za ki yi?"

"Mi ya dame ki? Marayun Malam ne. Su kaɗai suka rage mani."

Ran nan da hantsi, ana ta yayyafi, aka zo kiranta wajen mai naƙuda. Ta taɓa 'ya'yan kyanwar ta ji sun yi sanyi. Ta cika kasko da garwashi, ta ajiye nesa da ƙwaryar don kada su rarrafa su ƙone, yadda ta saba yi wa 'ya'yan mutane. Ta rufe taga, ta ja ƙyaure saboda muzuru. Abin da ba ta lura da shi ba, ɗakin ciyawa yana shan iska ta ko'ina. Wannan kuwa tulu ne mai murfi, hayaƙin garwashi ba shi da hanyar fita.

Da la'asar ta dawo, ta bar uwa da ɗa lafiya a can. Tana buɗe ƙofa kanta ya sara. Suna nan kwance yadda ta bar su, da ɗuminsu, ko gashi ɗaya bai ƙone ba, amma babu mai motsi. Ta hura musu hanci, ta murza ƙirjinsu da yatsa. Sai ta zauna daɓas ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'izar Malam.

Ta binne su da rawanin, a inda tsohon ɗakin yake. Da Lawwali ya zo hutu yana tambayar ko ɗaki ya yi daɗi, cewa ta yi, "Ya yi, Allah shi yi maka albarka." Ba ta taɓa faɗa masa ba. Amma har ta bar duniya, ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, ba ta ƙara rufe ƙyauren nan ba.