Maganaɗisun da Na Kai wa Malamina a Jos

Ana idar da sallar asuba muka bar Kano, ni da yayana da ya yarda ya tuƙa ni bisa sharaɗin ba zan yi masa lacca a hanya ba. Hutu na zo daga Turai, inda nake karatun digiri na uku. Aikinmu a can haɗa ƙananan na'urori ne da wani ƙarfe wanda idan ya sha sanyi matuƙa, lantarki ke ratsa shi ba tirjiya. Da su muke ƙirga haske ƙwaya ɗaya-ɗaya: ƙwaya ta faɗo, na'urar ta rubuta ta zo.

Mutumin da ya fara gaya min akwai irin wannan ƙarfe malamin kimiyyarmu ne na sakandare a Jos, dattijo Ibo. Da alli kawai ya koyar da shi, bai taɓa ganinsa ba. Sai na ji hawan jinin ido na cinye masa gani. Na'urarmu ba ta ɗaukuwa, amma na taho da wani ɗan baƙin faifai mai hali irin na ƙarfen nan, wanda in ya yi sanyi maganaɗisu ke tsayawa a samansa cikin iska. Na haɗo da ɗan maganaɗisu. Burina ya gani kafin idon ya rufe.

Ramukan hanyar Pambeguwa sun kusa raba ni da haƙorana. A Saminaka muka ci gasasshiyar masara, mai sayarwar ta tsuga kuɗi don ta ga tabarau a fuskata. Muna fara hawan dutse iska ta sauya, yayana ya shiga neman rigar sanyi yana mita.

Faifan ba ya sanyin da ake so sai da ruwan naitirojin mai tsananin sanyi, shi ya sa muka zarce garin Vom, zuwa wata gonar shanu da ke adana irin bijimai a cikinsa. Ma'aikacin gonar ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, “Hajiya, wato babu saniya a maganar nan?” Ya yi dariya, ya cika min fulas, ya ƙi karɓar ko sisi. Allah ya saka masa da alheri.

Ruwan nan ba ya jira, ƙafewa yake. A Terminus, tsakiyar Jos, cunkoso ya riƙe mu, 'yan tireda sun baje har kan titi gefen ƙonanniyar kasuwa, ga dankali da kabeji tuli-tuli. Ni dai fulas na rungume, tururi na fita.

A unguwar Gada Biyu matar Malam ta yi mana iso. Malam na zaune a baranda, ya juyo da fuskarsa ba daidai inda nake ba. Nan na gane na makara.

“'Yata, kin zo? Ido ya tafi fa, sai inuwa-inuwa.”

Hawaye ya zubo min. Ya ce in bar kuka, in yi abin da ya kawo ni. Ragowar ruwan na gwaji ɗaya ne. Na zuba, faifan ya yi sanyi, na ɗora maganaɗisun, ya tsaya a iska cak. Na ba shi 'yar takarda na riƙe hannunsa, muka zura ta ƙarƙashi, ta wuce ba abin da ya tare ta. Ya sake zurawa da kansa. Ya ɗan taɓa maganaɗisun da farce, ya ji yana juyawa.

Ruwan ya ƙafe, maganaɗisun ya sauka a hankali. Sannan ya ce, “Ashe ban yi wa yara ƙarya ba.”

Matarsa ta cika mu da gwaten acca. Washegari muka kamo hanyar Kano, yayana da kansa ya ce in yi masa laccar. Na dawo cike da godiya ga Allah, na kuma koyi cewa wanda ya koya maka abu, kada ka jira sai ka gama zama wani kafin ka je masa. Da na bari sai na karɓo digirin, ban san me zan tarar a barandar nan ba.