Kwamfuta a ɗakin mai jego

Babakura haifaffen Azare ne, iyayensa ne suka zo daga Yobe. A waya ya koyi rubuta manhaja, tun 'yan unguwa suna cewa danne-danne zai kashe shi, har ya zama da ita yake ci. Ya yi wa masu kemis aiki, ya yi wa wata makaranta a Giade. Mutum ne mai tsantseni a kan iyalinsa, ko ƙanensa iyakarsa zaure.

Masu wannan sana'a ba komai suke rubutawa da hannunsu ba. Akwai rumbu a intanet inda kowa ke ɗebo guntayen aikin da wasu suka gama, ya haɗa da nasa. Shekara huɗu Babakura yana amfani da wani guntu, bai taɓa ba shi matsala ba. Ashe ɓarayi sun sace mabuɗin sirrin mai guntun, sun cusa mugun abu a sabon da ya fito. Shi kuwa ya sabunta kamar kullum.

A lokacin ne matarsa Zinatu ta yi haihuwa ta biyu. Ya kwaso aikinsa daga shago ya dawo ɗakinta, don ya riƙe jariri idan ta shiga wanka. Kwamfutar wuni take a buɗe bisa durowa, tana fuskantar gado. Abin takaicin, tausayi ne ya kai shi.

Bayan arba'in sanarwar satar ta bazu tsakanin masu sana'ar. Ya duba tasa. Kwana talatin da uku wani yana juya kwamfutarsa daga nesa, kuma an sha kunna kyamara.

Abokin aikinsa Najmuddeen ya ce, "Goge komai ka yi shiru. Lambobin sirri suke nema, ba iyalinka ba."

Kwana biyu Babakura yana ɓoye maganar. Rana ta uku ya faɗa wa Zinatu.

Zinatu ta daɗe tana kallon durowar. "Abban Adam, me suka gani?"

"Ban sani ba."

"Su wane ne?"

"Wallahi ban sani ba."

Ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba. Ya mayar da kwamfutar shago a ranar. Yau wata bakwai ke nan, Zinatu ba ta ba ɗanta nono a ɗakinta sai ta sa hijabi ta juya ta fuskanci bango.