Shokar Baya Kafin a Tashi Tsere

Jama'a, a buɗe hanya, ga sarkin sifana da kansa, mai mulkin bayan babur, wanda fadarsa tsohon buhu ne a bakin filin tsere! Ban san sunansa ba. Gajere ne, gemu ya fara furfura, ƙafar hagu kuwa jan ta yake yi kamar ta aro.

Ruwa ya sauka da safe, fili ya zama taɓo, ana ta kiran 'yan tsere su hau layi. Kowa ya tafi, saura babur ɗaya. Wani matashi na zaune a kai, sanye da hular kwano, yana cewa, "Baba, za su tashi ba ni fa."

Baban, wato sarkin sifanan nan, ko kallonsa bai yi ba. Yana danna bayan babur ɗin da ƙirji, yana saki, shokar, wato ƙarfen da ke shanye gargada, na cillo matashin sama kamar jaki mai tutsu. In ta yi haka bayan tsalle, a wannan santsin, ƙasa ce za ta karɓi ɗansa. Sai ya murɗa ɗan sukurun shokar kaɗan, ya kasa kunne, ya sake dannawa. Ina jin irin wannan shokar ce ta taɓa cin ƙafar tasa.

Ni kuwa bakina ba ya zama. "Ranka ya daɗe, in an gama tiyatar, kofin tsere namu ne ko?"

Bai ɗago ba. "Kofin kai ka riƙe, ni ɗana nake so ya dawo. Matsa, ka tare min haske."